Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Ƙafar Bayan Mota Rawa

Idan ƙafar gaba ta samu matsala, sitiyari ne yake fara sanar da direba, domin a tafin hannunsa zai ji karkarwar. Ta baya kuwa a kujera da ƙasan mota ake jin ta, kuma sau da yawa mai babur ko direban da ke biye da kai ne zai riga ka ganin ƙafar tana layi, ya matso ya yi maka nuni da hannu. A hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega da Koko, inda ƙananan motoci irin su Golf ke ɗaukar buhunan albasar Aliero har bayansu ya kusa taɓa ƙasa, ƙafafun baya ne suke shan nauyi da dukan ramuka. Shawarata ita ce a bi binciken daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa mai tsada, kada a yarda a fara sauya kaya bisa zato.

Kafin a taɓa sifana, sai a tuƙa motar a kan shimfiɗaɗɗen titi a lura da lokacin da rawar take zuwa. Idan ana tafiya a hankali, kamar kilomita 20 zuwa 40 a awa, sai bayan motar ya riƙa lilo kamar kwalekwale, to galibi taya ce ta kumbura ko rim ya lanƙwashe. Idan karkarwar ba ta bayyana sai an kai wajen 80 zuwa 110, nauyin ƙafar ne bai daidaita ba, aikin masu balansin ke nan. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sauya murya idan an karkata sitiyari, alamar boris ce, wato ƙarfen da ke tsakiyar ƙafar wanda take juyawa a kansa, kuma idan ya fi tsanani lokacin da aka karkata hagu, a zargi na dama, saboda can nauyin motar ya koma. Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki kuwa, diram ɗin birki ne ya daina zama da'ira sosai.

Daga nan a duba notuna, tun motar tana ƙasa. Na taɓa tsayawa taimakon wani bawan Allah kusa da Jega, wanda aka yi wa faci da safe aka mayar da ƙafar ba a kammala ɗaurewa ba. Noti biyu da yatsa kawai na juya su, ramukan rim ɗin sun faɗaɗa sun koma siffar ƙwai, ga garin ƙarfe yana ƙyalli a gefensu. Rim ɗin da ya kai wannan matsayi ba ya sake riƙe noti yadda ya kamata, sauya shi ake yi. Wajen ɗauri, ana tsallakawa ne daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa, kuma hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle yana miƙar da zaren ƙarfen har wata rana ya tsinke.

Idan notuna lafiya suke, sai a sami wuri mai tauri, a sa giya, a sa wa ƙafafun gaba waigi, a ɗaga ƙafar da jak, sannan a tokare motar da wani abu mai ƙarfi, domin jak kan nutse cikin yashi ba tare da gargaɗi ba. A saki birkin hannu, in ba haka ba zai riƙe ƙafar ya ɓoye laifin. A kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a tura a jawo da ƙarfi. Idan an ji ƙwas-ƙwas, ko an ga ƙafar tana motsi, boris ya saki. A sake kamawa ta gefe da gefe. Motsin da ya bayyana a nan kaɗai ya fi nuna bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafunan da ke riƙe da ƙafar, musamman a motoci irin su Peugeot 406 da Camry, waɗanda ƙarafuna da yawa ke riƙe da kowace ƙafar baya.

A nan ne ya kamata mai mota ya san irin motarsa. Boris ɗin bayan Golf 3 irin wanda ake daidaitawa ne da noti: ana wanke shi, a duba ko ya yi tabo ko ya sauya launi saboda zafi, a cika shi da giris, a ɗaure notin ana juya ƙafar, sannan a sassauta kaɗan har washar da ke bayansa ta iya motsawa da bakin sukudireba. Bakaniken da ya ɗaure shi tamau don rawar ta ɓace nan take ya jawo wa boris ɗin ƙonewa a hanya. A sa sabon fin a bakin notin, ba ƙusa ko guntun waya ba, domin wannan ɗan ƙarfen ne ke hana ƙafar ficewa. A Corolla ta 2003 zuwa sama kuwa, boris ɗin a rufe yake cikin gidansa, ba a daidaita shi da noti, ba a kuma ƙara masa giris, gaba ɗaya ake sauyawa.

Tun ƙafar tana sama, a juya ta da hannu a kasa kunne ko za a ji ƙarar gurza. Sai a ɗora alli a kan bulo, bakinsa dab da gefen rim, a sake juyawa a hankali. Idan allin ya zana wani sashe ya bar wani, rim ya lanƙwashe. A maimaita a kan fuskar tayar, kuma a shafa ta da tafin hannu ana neman ƙullutu, wanda ke nuna wayoyin cikinta sun rabu da roba. Irin wannan taya ba ta gyaruwa, kuma ita ce ke fashewa a zafin watan Afrilu. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a jikinta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayoyin gwanjo da yawa suna da zane mai kyau alhali robarsu ta tsufa ta bushe. Idan har yanzu ana shakka, a ɗaura safaya a gwada motar. In rawar ta tafi, laifin na taya ne ko rim.

Sauran abubuwan ba sa ɗaukar lokaci. Da damina a leƙa cikin rim, domin busasshiyar laka da ta manne a gefe ɗaya ta isa ta kawo karkarwa. A duba shokazoba ko tana yoyon mai, sannan a danna bayan motar a saki. Idan ta ci gaba da sukuwa fiye da sau ɗaya ko biyu, shokazobar ta mutu.

Bayan gyara, a yi tafiyar kilomita 10 ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kusantar da bayan hannu ga tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi ƙwarai, ko boris an matse shi ko birki yana kamawa, sai a koma gareji a sake buɗe ta. Notunan kuma a sake bin su da sifana bayan kilomita 50 na farko.