Darasi na 7: Yadda ake sa abu motsi a shafin intanet

Toh jama'a, duk abin da kuka ga yana motsi a allon waya ko kwamfuta, ba motsi yake yi ba fa. Hoto ne ake gogewa a sake zana shi gaba kaɗan, ana yi da sauri har ido ya ruɗe. Fim ɗin silima ma hoto 24 ne ke wucewa a sakan ɗaya. Abin da za mu koya yau shi ne yadda za a gaya wa JavaScript, wato yaren da ake ba shafin intanet umarni da shi, lokacin da za ta sake zanen.

Na farko setTimeout. A ce kun rubuta wani aiki mai suna matsa, wanda ke tura akwati gefen dama kaɗan, sai ku rubuta setTimeout(matsa, 1000), wato bayan sakan ɗaya a yi aikin, sau ɗaya tak. Lissafin da milisakan ake yi, 1000 shi ne sakan ɗaya, 500 rabinsa. Ku kula, sunan aikin kawai ake sawa, in kuka ƙara masa baka biyu a gabansa, wato matsa(), nan take zai tashi, ba zai jira ba, kuma nan ne sabon shiga ke yawan faɗawa.

Shi kuwa setInterval maimaitawa yake ta yi ba ya gajiya, sai an tsayar da shi da clearInterval.

Amma ga inda gizo ke saƙa. JavaScript kamar mai shayi ne shi kaɗai a teburi, ko ya ce maka minti ɗaya, in yana soya wa wani ƙwai dole ka jira ya gama, to haka lambar da kuka sa take, ba za a yi kafin lokacin ba amma ana iya makara, shi ya sa wani lokaci za ka ga akwatin yana tafiya yana cijewa.

Ni dai in motsi ne requestAnimationFrame nake ba da shawara. Yawancin allo sau 60 yake sabunta kansa a sakan, kusan duk milisakan 17, shi kuma wannan tare da allon yake tafiya. In mutum ya koma wani shafin sai ya dakata, batiri ya huta. Sau ɗaya yake kira, don haka a ƙarshen matsa sai ku sake kiransa.

Aikin gida: ku sa akwatin ya yi tafiya da setInterval a kan 500, sannan ku mayar da shi 20, ku rubuta bambancin da idonku ya gani.