Kai iyali wuraren wasa na Dubai da Abu Dabi: yadda ake shirya tafiyar daga Maraɗi

Da yawanmu ƴan kasuwar Maraɗi mun san Dubai, amma Dubai ɗin sari muka sani. A sauka Deira, a zaga shagunan Naif, a ɗaure kaya a ba masu kago, a juyo gida. Ranar da mutum ya yi niyyar ɗaukar uwargida da yara ya kai su manyan wuraren wasan nan da suke gani a waya, wannan sanin ba zai ishe shi ba. Ni dai abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo shagona neman shawara shi ne, kafin a yi maganar kuɗin jirgi a tsayar da abu biyu: watan da za a tafi, da tsawon kowane yaro.

Babban hutun lakkol a nan yana kamawa daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, shi ya sa kowa ke sa ran tafiya a lokacin. To, wannan shi ne lokacin da zafin Dubai ya fi muni. Zafi yana haura digiri 40, kuma kada wani ya ce ai mu ƴan Maraɗi ne, mun saba da ranar Afrilu. Tamu rana busasshiya ce, ka samu inuwar dogonyaro ka huta. Tasu tana haɗe da gumin teku, ko da dare ka fito rigarka za ta jiƙe kafin ka tare tasi. Yaro ɗan shekara 6 ba zai jure layi a waje cikin wannan yanayi ba. Lokaci mai daɗi daga Nuwamba ne zuwa Maris, da rana wajen digiri 25, da dare har a nemi rigar sanyi. Hutun ƙarshen Disamba ya dace da haka, sai dai a san cewa duniya duka ta san wannan, otel yana tsada, layi yana tsawo. Wanda ba shi da dama sai babban hutu, ya zaɓi wuraren da ke cikin rufi da na'urar sanyaya ɗaki, zan ambace su a ƙasa.

Ranakun mako ma suna da nasu. Tun Janairun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun mako Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki. Saboda haka a ajiye Litinin zuwa Alhamis don wuraren wasa, a bar ƙarshen mako don kasuwa da ziyara. A kuma guji 2 ga Disamba, ranar bikin ƙasarsu ce.

Yanzu maganar tsawo. A waɗannan wurare galibi ba a tambayar shekarun yaro a bakin lilo, auna shi ake yi. Kowane lilo yana da sanda ko allo a ƙofar shiga, ma'aikaci yana tsaye. Wasu lilon suna neman santimita 100 ko 120, manya masu tsananin gudu kuma 130 ko 140. Na ga wani bawan Allah da yaronsa a irin wannan ƙofa, yaron ya kafa ɗuɗɗuge yana ɗage wuya, hularsa na taɓa layin amma kansa bai kai ba. Ma'aikaciyar ta sa ya cire hular, ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta girgiza kai tana murmushi. Uban ya yi ta lallashi, yaron na jan rigarsa yana cewa "Baba, ka ce mata na kai." Can babu alfarma, babu a san mutum. Don haka a aro awon tela, a jera yaran a jikin bango babu takalmi, a rubuta tsawon kowa a takarda. Sai a buɗe shafin intanet na wurin, inda suke rubuta ƙa'idar kowane lilo, a ƙirga nawa kowane yaro zai iya hawa. Wannan takardar ce za ta zaɓar muku wuri, ba hoton da yara suka gani a TikTok ba.

Wuraren kashi biyu ne manya. A Dubai akwai Dubai Parks and Resorts, da aka buɗe a 2016 a yankin Jebel Ali, can bakin iyaka da Abu Dabi. Cikinsa akwai Legoland, wanda aka gina don yara ƴan shekara 2 zuwa 12, da wurin wasan ruwansa, da Motiongate na ƴan manya, da Real Madrid World da aka buɗe a 2024, wanda samarinmu masu kwana kallon ƙwallo za su so. Yawancin wannan wuri a fili yake, na lokacin sanyi ne. Akwai kuma IMG Worlds of Adventure a wani gefen birnin, shi duka cikin rufi yake.

Na biyu shi ne tsibirin Yas a Abu Dabi, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga tsakiyar Dubai. Nan ne Ferrari World yake tun 2010, da lilon nan Formula Rossa mai kai gudun kilomita 240 a awa cikin abin da bai kai daƙiƙa 5 ba, har tabarau suke ba mutum saboda iska. Akwai Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023 mai kifaye da dabbobin ruwa, da Yas Waterworld. In ban da na ruwan, sauran kusan duk ana yini cikin sanyi, kuma suna kusa da juna, akwai motar kyauta da ke zagayawa tsakaninsu. A ganina iyalin da ke da manya da ƙanana a haɗe, ko masu tafiya a babban hutu, Yas ya fi musu. A Mayun 2025 kamfanin Disney ya ba da sanarwar zai yi nasa wurin a tsibirin, amma ba a buɗe ba tukuna, kada wani ɗan ajans ya sayar muku da shi.

Masauki shi ne inda mutanenmu suka fi asarar kuɗi suna ganin sun yi tattali. Alhaji ya saba da otel ɗinsa na Deira, yana da araha, ga abincin Afirka a bayan layi. Amma daga Deira zuwa Jebel Ali wajen kilomita 60 ne, zuwa Yas kuma ya haura 100. Kuɗin tasi zuwa da dawowa kullum, ga cunkoson hanyar Sheikh Zayed da yamma, ga yara sun gaji suna barci a cinya. Gara a raba zaman gida biyu: kwanakin wasa a kwana kusa da wurin wasa, kwanakin sayayya a koma Deira. Da yawa daga otel-otel na Yas, da Lapita da otel ɗin Legoland a Dubai, suna haɗa kuɗin ɗaki da tikitin shiga. In aka yi lissafi da mutum biyar ko shida, sau da yawa otel ɗin da ake gudu don tsada shi ne ya fi sauƙi.

Takardu kuwa, ɗan Nijar yana buƙatar biza kafin ya tashi, ta hannun kamfanin jirgi, ko otel, ko ajans. Kowane yaro da nasa fasfo, kuma ya kasance saura aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. A riƙe takardun haihuwar yara da katin rigakafin shawara. Idan Hajiya ce za ta tafi da yaran ita kaɗai, ta ɗauki takardar izinin maigida mai hatimi. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito, ta kowa da kowa, domin yakan faru ta uba ta fito ta ɗa ta maƙale.

Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne ta Konni da Dogonduci da Dosso, yini guda a kar. Kada a haɗa wannan da tashin jirgi a rana ɗaya, a kwana Yamai yara su miƙe ƙafa. Daga filin jirgin Diori Hamani ana bi ta Adis Ababa da jirgin Habasha, ko ta Istambul da na Turkiyya. Kano ta fi kusa da mu, wasu ta can suke tashi, amma a tambayi halin hanyar Jibiya a makon tafiyar kafin a sa iyali a kanta. Agogonsu yana gaban namu da awa 3, ranar da aka sauka a bar ta don barci.

Kuɗinsu dirhami an ɗaure shi da dalar Amurka, dirhami 3.67 dala guda, namu sefa kuma da yuro, shi ya sa canjin yake motsi. A yi lissafi da sefa 150 zuwa 170 kowane dirhami. Tikitin yini guda a babban wuri yana kaiwa wajen dirhami 300 ko fiye, wato kusan jikka 50 mutum ɗaya. A saya ta intanet tun kafin ranar, ya fi na bakin ƙofa sauƙi, kuma tikitin da ya haɗa wuri biyu ko uku ya fi saye ɗaiɗai. Sai dai kar a yi kwaɗayin cinye wuri biyu a yini ɗaya, ba a more ko ɗaya. Akwai ƙarin kuɗi na tsallake layi, a ranar Talatar da ba kowa ɓarna ce, a ƙarshen Disamba kuwa yana biyan kansa. Otel yana karɓar wani ɗan harajin baƙi a kowane dare, a sa shi a lissafi.

Ranar shiga, a karya kumallo sosai a otel, domin ba a barin shiga da abincin waje in ba na jarirai ba, na ciki kuma da tsada. A isa kafin a buɗe ƙofa, a fara da lilon da aka fi rububi tun layi bai taru ba. Sallah ba matsala, kowane wuri yana da masallacin maza da na mata da wurin alwala. Hajiya ta ɗaure mayafinta da kyau ko ta sa hijabi mai shiga wuya, babbar riga da hula kuma a bar su a otel, iskar lilo ba ta barin hula a kai. Wuraren ruwa suna yarda da kayan ninƙaya masu rufe jiki duka, Yas Waterworld ma yana ware lokaci na mata zalla, a duba jadawalinsa.

Yaranmu Hausa suke ji da ɗan Faransanci, ma'aikatan can kuwa Ingilishi da Larabci. Ina rubuta lambar wayata da sunan otel a ɗan kati in sa wa kowane yaro a aljihu, in nuna musu kalar rigar ma'aikata, in ce wanda ya ɓata ya miƙa wa mai irin wannan riga katin ya tsaya wuri ɗaya. Da safe kuma a ɗauki hoton kowa da kayan da ya sa ranar.

Kiran murya ta WhatsApp ba ya shiga a ƙasar, saƙon rubutu da na murya ne kawai ke tafiya, a gaya wa Inna tun a gida kada ta zaci an manta da ita. Mazauna can da manhajar Botim suke kira. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, cajarmu mai ƙafa biyu tana son mahaɗi. Kuma kafin a ƙulle akwati a zazzage jakar magani: tiramadol da duk abin da ke da kodin a ciki, har maganin tari, hukumarsu ba ta wasa da su. Wanda likita ya rubuta masa ya tafi da takardar likitan, ya nemi izinin hukumarsu ta intanet kafin ya tashi.