Yadda iyali za su bi haƙƙin jinin ɗan'uwansu da harsashin jami'in tsaro ya kashe

Duk lokacin da aka harbe mutum, labari biyu ne ke fita. Jami'ai su ce gudu ya yi, ko wuƙa ya zaro. Waɗanda suka gani da ido su ce ba haka aka yi ba. Labarin jami'ai ana rubuta shi ranar, a buga masa hatimi. Na iyali kuwa yana bakin masu zaman makoki, kafin sadakar arba'in an fara mantuwa. Aikin da ke gaban iyali shi ne su mayar da nasu labarin takarda tun da wuri.

Mataki na farko, kafin sutura. Nan ne wuri mafi wuya, kuma nan ne yawancin shari'o'i ke mutuwa. Addini ya kwaɗaitar da gaggauta jana'iza, dattawa za su ce a yi masa sutura kafin rana ta faɗi, ba kuma laifi suka yi ba. Amma raunin da ke jikin mamacin shi ne babbar shaida. Harsashin da ya shiga ta baya daban yake da wanda ya shiga ta ƙirji, kuma likita na iya gane ko daga kusa aka yi harbin. Ku kai gawar asibiti, ku nemi likita ya duba ya rubuta abin da ya gani: inda harsashin ya shiga, inda ya fita, rauni nawa ne. In an ce sai da izinin hukuma, ku tura mutum kotu ya roƙi a ba da izinin. Jinkirin 'yan sa'o'i ne. Ku sa liman cikin maganar tun farko, don idan shi ya faɗa wa dattawa sun fi saurin yarda. Namiji ɗaya daga cikin masu wanka ya ɗauki hoton raunukan cikin mutunci, ba don WhatsApp ba, don alƙali. Rigar da ya mutu da ita kada a wanke, a bar ta ta bushe, a ajiye cikin ambulan na takarda, don leda na ruɓar da jini.

Na biyu, shaidu. Mai shayi, ɗan kabu-kabu, mai shagon da ke kallon wurin: a same su cikin kwana biyun farko, ɗaya bayan ɗaya, kada a tara su wuri guda maganarsu ta gauraye. A rubuta lokaci, wuri, kalar kaki, lambar mota in an gani. Wanda ya ɗauki bidiyo ya adana na asali a wayarsa, a kwafe shi zuwa kati. Ku tabbatar wace runduna ce: a Nijar, 'yan sanda da rundunar Garde Nationale suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarmomi kuwa sojoji ne na ma'aikatar tsaro, kuma wannan na iya canza kotun da za ta saurari maganar. Sunayen shaidu su tsaya hannun mutum ɗaya da lauya. Tsoronsu gaskiya ne, a cikin garin nan suke neman abinci.

Na uku, ku yi taron dangi ku zaɓi wakili guda, ku karɓi takardar mutuwa a ofishin magajin gari. Kowace takarda a yi mata kwafi.

Na huɗu, ƙara. Ba dole ba ne ku kai ta komisariyar da abin ya shafa. Ku rubuta ta kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato procureur, a babbar kotun yankinku, kamar ta Maradi, ku nemi a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Yana iya buɗe bincike, yana iya rufe maganar. In ya rufe, ko aka yi ta cewa ku dawo gobe, doka ta bar wata ƙofa: kai ƙara gaban alƙali mai bincike a matsayin waɗanda aka cuta. Akan nemi a ajiye wasu kuɗi, amma daga nan lauyanku na da damar ganin abin da ke cikin fayil, ya kuma nemi a saurari shaidunku. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa hali a gaban shari'a. Ƙungiyar ANDDH, mai kare haƙƙin ɗan Adam tun 1991, ita ma a sanar da ita. Kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), wadda ta ba Hadijatou Mani, matar da aka riƙe a matsayin baiwa, gaskiya kan gwamnatin Nijar a 2008, kada a dogara da ita yanzu, tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Tambayar da za ku riƙe a kowane zama guda ce: ran wa ke cikin haɗari lokacin da aka yi harbin? Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun ce jami'i ba ya harbi da niyyar kisa sai idan babu wata hanyar kare rai. Ko da mamacin ya yi laifi, hukuncinsa na alƙali ne.

Na biyar, masu zuwa sulhu. Za su zo, wani lokaci da buhun shinkafa da ambulan, wani lokaci ta hannun mai unguwa ko wani babba da ake jin kunyarsa. Za a ce kwanansa ne ya ƙare. Haka ne, kowa da ajalinsa, amma shari'ar Musulunci da ta koya mana ƙaddara ita ce ta ajiye ƙisasi da diyya, ta kuma ba magada zaɓin yafewa. Yafiya haƙƙinsu ce, ba a matsa musu. Ku karɓi gaisuwa da mutunci, amma kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar Faransanci sai wanda kuka yarda da shi ya karanta muku ita da Hausa. In mamacin ya bar marayu, su ma suna da rabo a wannan haƙƙi, don haka kawu ba zai rufe magana shi kaɗai a zaure ba tare da an ji ta bakin matarsa da mahaifiyarsa ba.