Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran Matsalar RAM a Kwamfuta

A shagunan gyaran kwamfuta da ke kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello a Jos, babu ɓangaren kwamfuta da ake ɗora wa laifi kamar RAM. In kwamfuta ta yi nauyi, sai a ce RAM ne. In ta ƙi kawo hoto, RAM ne. In ta mutu ana tsakiyar aiki, nan ma shi ne. Wani lokaci zargin yana kan hanya, amma abin da ya gundure ni shi ne yadda yara masu koyon aiki, da masu kwamfutar da ke son taɓa kayansu da kansu, suke maimaita ɓarna iri ɗaya, har matsalar da ba ta wuce a cire a mayar ba ta koma asarar bod, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗe a kansa, ɗungurungum. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda nake aiki a kan teburina, kuma na san akwai abokan sana'a da ba za su yarda da wasu daga ciki ba.

Kuskure mafi sauƙi ba ya ƙona komai, kuɗi kawai yake ci. Mutane da yawa ba sa bambanta RAM da faifan ajiya, shi ya sa za ka ga mutum ya goge hotunan bikinsa yana fatan kwamfuta za ta yi sauri. RAM kamar teburin tela yake, inda yake shimfiɗa yadin da yake yankawa a lokacin, faifan ajiya kuwa shi ne kabad ɗin da sauran yadduka ke jibge, kuma da zarar wuta ta yanke, duk abin da ke kan RAM ya tafi. Kafin a kashe ko kwabo, a danna Ctrl da Shift da Esc tare domin a buɗe Task Manager, shafin da ke nuna abin da kwamfuta ke ci, a duba yawan RAM ɗin da ake ci yayin da ake aikin da aka saba. Idan akwai sauran fili mai yawa amma faifan ajiya yana nuna kashi 100 a kowane lokaci, to tsohon faifai mai juyawa ne ke jan ƙafa, kuma SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, shi ne maganinsa. Windows 11 tana neman RAM aƙalla gigabait 4, amma ni ba na ba kowa shawarar ƙasa da 8.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai, kuma ya taɓa aljihuna ba kaɗan ba, shi ne taɓa RAM alhali akwai wuta a jikin kwamfuta. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo laftof ɗinsa ta aiki a ƙara mata RAM, sai na bar wa yaron shagona na tafi sallar La'asar, domin aiki ne da ya sha ganin ina yi. Laftof ɗin irin mai batir a ciki ce, kuma mai ita bai kashe ta ba, murfin kawai ya rufe. Yaron ya zare caja, ya ga fuskarta baƙa, ya kwance bayanta, ya fizge tsohon RAM ya cusa sabo. Da na dawo, ƙauri ne ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa. "Maigida, wallahi a kashe take," in ji shi. Ba a kashe take ba, barci take yi, kuma kwamfutar da ke barci tana ci gaba da ba RAM wuta ne musamman domin kada aikin da ke kansa ya ɓace. Bod ɗin bai sake tashi ba, ni na saya wa mutumin wani daga Legas, na kuma sha kunyar yi wa dattijo bayanin yadda ya kawo kaya lafiyayye ya tarar da gawa.

Tun daga lokacin, babu mai buɗe laftof a shagona sai ya bi tsari ɗaya, ko da kuwa mai kayan yana tsaye a kansa yana cewa motar Abuja za ta bar shi. Za a kunna ta a tabbatar da halin da take ciki, a kashe ta kashewa ta gaskiya, ana riƙe da Shift lokacin da ake danna umarnin kashewa domin kada Windows ta adana rabin aikinta. Sannan a zare caja, a buɗe baya, kuma abu na farko da hannu zai taɓa shi ne igiyar da ta haɗa batir da bod, a cire ta. Bayan haka a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wutar da ta maƙale ta fita. Ko laftof ɗin a kashe take, muddin batir na haɗe akwai layukan da ke ɗauke da wuta, kuma ɗan noti guda da ya suɓuce daga bakin sukurdireba ya isa ya haɗa su. Kwamfutar tebur ma haka take, domin akwatin wutarta yana ba bod bolt 5 ko tana kashe, in dai igiyar na jikin soket. Masu cewa ai an ɗauke wuta, ba sai an zare ba, ina tambayarsu ko an yi musu alkawarin lokacin da za a dawo da ita.

Akwai kuma wutar da mutum ke ɗauke da ita a jikinsa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a hunturu iska kan bushe ƙarau, ga kowa cikin suwaita da jaket. Duk wanda ya taɓa kama ƙofar mota a watan Janairu ya ji ta ja shi ya san abin da nake nufi. Wannan ɗan tartsatsin yana iya raunata ƙwayoyin RAM ba tare da sun mutu nan take ba, sai bayan makonni kwamfuta ta fara hauka. Ni dai ina cire suwaita, in taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin in ɗauki komai, in riƙe RAM ta gefe-gefe, ba na kuma yarda a zo mini da shi tsirara a aljihu tare da makullai.

Batun gogewa kuwa, a nan ne haƙurina ke ƙarewa. Gaskiya ne ƙurar hunturu tana shiga gurbin RAM ta hana haƙoransa, wato 'yan layukan zinare da ke bakinsa, haɗuwa da kyau, kuma sau da yawa cirewa, gogewa da mayarwa ne kaɗai maganin. Amma wane malami ne ya koya wa yara kankare waɗannan haƙora da reza? Ruwan zinaren da ke kansu siriri ne ƙwarai, an sa shi ne domin ya hana tsatsa, kuma wanda ya kankare shi zai ga kwamfuta ta tashi yau, ta dawo masa da damina. Haka masu wankewa da fetur, da masu hura gurbin da baki suna fesa masa yawu, duk garin neman gira suke rasa ido. Farar robar goge fensir ta wadatar, a goga a hankali, a kakkaɓe ɓurɓushin da burushi mai laushi, in da hali a bi da sinadarin isopropyl a bari ya bushe sarai.

Sai sayen abin da bai dace ba, wanda kusan kullum rashin karanta 'yar takardar da ke manne a jikin RAM ke jawowa. Nau'o'in RAM na DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, domin an yi wa kowanne tsaga a wuri dabam. Na laftof, DDR3 yana da haƙora 204, DDR4 yana da 260, DDR5 kuma 262. Na kwamfutar tebur, DDR3 yana da 240, sauran biyun kuma 288 kowanne, abin da ke ruɗin masu ƙirga haƙora su manta da tsaga. Idan bai shiga da sauƙi ba, ba nasa ba ne, kuma ƙarfi ba zai mayar da shi nasa ba. Tarkon da ya fi kama mutane a kasuwar kayan tokumbo shi ne bambancin PC3 da PC3L, waɗanda duka DDR3 ne, domin surarsu ɗaya ce kuma gurbi ɗaya suke shiga, amma na farko bolt 1.5 yake ci, na biyu 1.35. Laftof masu furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na Intel zubi na huɗu, waɗanda suka fito daga 2013 kuma har yanzu suke cike da shagunanmu, PC3L suke so. A kuma lura da harafin da ke bayan lambar: S na laftof ne, U na kwamfutar tebur ne, R kuwa, kamar a PC3-10600R, na manyan kwamfutocin kamfanoni ne da ake kira sabar. Irin wannan yakan zo da girma da araha, shi ya sa yake jan ido, amma kwamfutar gida ba za ta tashi da shi ba.

Wasu kuma sun sayi daidai, sanyawar ce ba ta zauna ba. Na laftof a karkace ake zura shi har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan a danna shi ƙasa sai 'yan ƙarafan gefe biyu sun yi ƙas. In kwamfuta ta ƙi kawo hoto bayan haka, a kula da abin da take faɗa kafin a yanke mata hukunci. A yawancin laftof na Dell na aiki, ƙyaftawar fitila ruwan lemo sau 2 da fara sau 3 na nufin ba ta ga RAM ba, tsofaffin HP kuma fitilar Caps Lock ce ke ƙyaftawa sau 3. Sabbin kwamfutoci masu DDR5 sukan ɗauki mintuna da baƙar fuska a kunnawar farko suna daidaita kansu da sabon RAM, saboda haka a ba su lokaci.

Kuskure na biyu da ba na yafewa shi ne yi wa kwamfuta fomatin, wato share faifanta a sake sa Windows, kafin a gwada RAM. Wata ɗalibar jami'a da ke ajin ƙarshe ta zo mini da laftof da ke yawan nuna shuɗiyar fuska mai rubutun MEMORY_MANAGEMENT. Kafin ta iso wurina ta riga ta kai wa wani mai gyara, wanda bai tambaye ta komai ba ya ce ƙwayar cuta ce, ya share faifan gaba ɗaya, har da kundin bincikenta da ba ta da kwafinsa a ko'ina. Sabuwar Windows ɗin ma ƙin sauka ta yi, tana tsayawa a tsakiya tana ƙorafin gurɓatattun fayiloli, shi kuma ya yi ta canza filas yana zargin filas ɗin. "Malam, babu yadda za a yi a dawo da shi?" ta tambaye ni, muryarta na rawa. Na ɓata kwanaki ina tono, na ajiye ayyukan da za su kawo kuɗi, abin da na ceto bai taka kara ya karya ba, domin an riga an yi ta rubutu a kansa. Ɗaya daga cikin RAM biyun da ke ciki ne ya lalace, kuma cire shi kaɗai ya isa ya tsayar da matsalar tun ranar farko. Wanda ya share wa mutum aikin shekara guda saboda ƙyuyar gwajin da ba ya cin ko sisi bai cancanci a kira shi mai gyara ba.

Gwajin ba shi da wuya. A cikin Windows akwai na gida, ana rubuta mdsched a wurin bincike, kwamfuta ta sake tashi ta duba kanta. Ni ban cika dogara da shi ba, na fi son MemTest86 ko Memtest86+, waɗanda ake sa wa a filas a tashi kwamfuta daga kansa, domin a lokacin Windows ba ta riƙe da wani ɓangare na RAM ɗin. Ina barinsa ya yi zagaye huɗu, a kan inbata ko janareta saboda kada yankewar wuta ta katse shi, domin wasu kurakuran ba sa fitowa sai kayan sun ɗumama. Kuskure ko guda ɗaya ne, kuskure ne. Babu wani "kaɗan ne, za ta iya lallaɓawa".

Amma fitowar kuskure ba ta nuna wanda ya yi laifi tukuna, kuma a nan masu gaggawa suke sake faɗawa rami. Sai su canza RAM, su canza gurbi, su sake saitin BIOS, wato manhajar da ke jikin bod mai tada kwamfuta, duk a lokaci guda, in ta tashi ba su san abin da ya gyara ta ba. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. A bar RAM guda a gurbi guda a gwada, a mayar da shi ɗaya gurbin a sake gwadawa, sannan a ɗauko na biyun a yi masa haka. Idan kuskuren yana bin RAM duk inda ya je, shi ne mara lafiya. Idan kuwa kowane RAM aka sa a wani gurbi sai ya yi kuskure, gurbin ne ko bod, wani lokaci ma furosesa, tunda a kwamfutocin yanzu a cikinsa mai sarrafa RAM yake.

Sauran ƙanana ne. Wanda ya sa gigabait 8 ya ga kwamfuta na amfani da uku da 'yan kai kada ya koma ya yi wa mai shago rigima, Windows ɗinsa ce mai bit 32, wadda ba ta iya wuce 4. Haɗa RAM mai gudun 1600 da mai 1333 yakan yi aiki, sai dai dukansu za su koma gudun na ƙasa, kuma ni na fi son biyu iri ɗaya. A bod mai gurbi huɗu, in guda biyu za a sa, yawanci gurbi na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake so, amma littafin bod ɗin ne ke da ta cewa. Masu kwamfutar wasanni da suka kunna XMP, saitin ƙara wa RAM gudu, a BIOS sannan ta fara mutuwa, su kashe shi su sake gwadawa kafin su zargi kayan. Siraran laftof da yawa, har da MacBook na shekarun nan, an liƙe RAM ɗinsu a jikin bod ne, babu gurbin ƙari, saboda haka a duba lambar samfurin kafin a saya. Duk wanda zai sayi RAM na hannu kuma, ya tafi da laftof ɗinsa da filas ɗin gwaji, a sa a gabansa a gwada kafin ya miƙa kuɗi.