Kafin ki zuba kuɗi ki faɗaɗa kasuwancinki

'Yar uwa, in kasuwancinki ya fara tsayawa da ƙafarsa kina so ki ƙara girma, tsoro zai zo dole, amma kar ki bari shi ya yanke miki shawara. Fara da lissafi, kuɗin da ko sun tafi za ki iya biyan ma'aikata da haya su kaɗai za ki sa a kasada. Ki raba asusun kasuwanci da na gida tukuna, in suna haɗe ba za ki taɓa sanin ribarki ta gaskiya ba.

Sabon kaya ki gwada da kaɗan ki ga ko masu saye za su dawo, yabo a Facebook ba ciniki ba ne wallahi. Bashi kuwa nan nake so ki nutsu sosai, in ribar wata ba ta kai abin da za ki riƙa biya duk wata ba to ki haƙura ko da kowa na ce miki dama ce. Wanda zai zuba jari, ko ɗan uwanki ne, a rubuta kasonsa a takarda kowa ya sa hannu.