Tashoshin kuɗi sun ƙi buɗewa a katin tele na kwamfuta: inda aka fi yin kuskure

Masu saka katin kama tele cikin kwamfuta a Yamai kusan kukansu ɗaya ne: sunayen tashoshi sun jeru, waɗansu suna wasa, masu alamar kwaɗo kuwa sai baƙin allo. Sau da yawa katin lafiyarsa lau, wurin da ake neman laifin ne ba daidai ba.

Kada ka fara da tashar da ke kulle. Nemi ta kyauta a kan tauraron nan ɗaya ka kalle ta minti goma. In tana tsinkewa, matsalar tana kan rufi: parabol ya goce, ko ruwa ya shiga bakin waya. Iskar da ke rigayar ruwan damina ta isa ta karkatar da faranti, kuma tasha mai kulle ta fi saurin mutuwa in sigina ya yi rauni, don saƙon buɗewar ma lalacewa yake yi a hanya. Duba saitin LNB, wato na'urar da ke gaban faranti tana karɓar sigina: na gama-gari yana son 9750 da 10600, da sautin 22 kHz. In rabin tashoshi kaɗai suka fito, wataƙila wutar volt 13 da 18 da katin ke tura wa LNB ba ta isa. Waɗansu katunan sai an ja musu waya ta daban daga akwatin wutar kwamfuta. Mai faranti biyu ya tabbata lambar DiSEqC, wadda ke zaɓar farantin da za a kama, ta dace da tauraron.

Da yawa suna zaton katin kama tele shi ke buɗe tasha. Aikinsa kamawa ne kawai. Buɗewa tana bukatar wani rami da ake kira CI a jikin katin, da CAM, na'urar cire kulle da ke shiga ramin, da katin abonma da ke shiga CAM. Kuma kowace CAM da tsarin kullewar da ta sani: ta Viaccess ba ta karanta katin Irdeto, ta Conax ba ta karanta na Nagravision.

Ga inda kuɗin mutane suka fi salwanta, kuma abin yana ci mini rai. Manyan kamfanonin abonma irin su Canal+, da ake kamawa a nan ta tauraron SES-4 a digiri 22 yamma, da DStv, suna ɗaura wa katinsu aure da dekodarsu. Ka zare shi ka sa a CAM mafi tsada, ba zai buɗe ba, ko da abonmanka na shekara ne. Sai ka ga mutum ya sayi CAM, ya sake wata, ya sauya kwamfuta, alhali tun farko hanyar a toshe take. Akwai kuma CI+, sabon samfurin CI, wanda ke tantance na'urar da aka sa shi kafin ya saki hoto. Talabijin na zamani suna da wannan shaida, yawancin katunan kwamfuta ba su da ita, CI na da kawai suka sani. Kafin ka fitar da ko dala, je wurin dillalin kamfanin ka tambaye shi ko katinsu yana aiki a wajen dekodarsu. In ya ce a'a, ka kalli waɗannan tashoshin a dekoda, ka bar wa kwamfuta na kyauta.

In kamfanin ya yarda da CAM amma shiru, buɗe shafin CAM ɗin daga cikin manhajarka. Wannan gwajin ya fi kowane amfani. In ya nuna lambar kati da ranar ƙarewar abonma, haɗin yana nan daram. In ya ce babu kati, juya shi: yawanci ɓangaren zinariyar yana fuskantar gefen da ke da tambarin CAM. In shafin bai fito ba sam, manhajar ce ba ta ga ramin CI ba. A Windows kowane kamfanin katin tele da yadda direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ke magana da ramin, don haka ka duba ko manhajar kallonka, DVBViewer ko ProgDVB, ta san samfurinka, ka kuma sa direban da mai katin ya fitar. A Linux nemi fayil ɗin ca0 cikin /dev/dvb/adapter0. In babu shi, umarnin dmesg zai nuna ko firmware, wato manhajar da ake loda wa katin, ce ta ɓace. Kashe kwamfuta kafin ka sa CAM ko ka zare ta.

Gaggawa ma tana ɓata aiki. Bayan biyan abonma, izinin yana saukowa ne ta tauraro, kuma katin abonma ba ya karɓa sai kana kan tashar kamfanin. Tsaya a kan guda ɗaya, ka daina tsalle-tsalle. Kwamfutar da ta yi makonni a kashe takan rasa saƙon, sai ka nemi a sake turo shi.

Murya ba hoto kuwa ba kulle ba ne. Tashar ta buɗe, kwamfutar ce ta kasa fassara tsarin hoton, H.264 ko HEVC. Manhajar LAV Filters takan gyara wannan. Tsufan kati ma matsala ce: tsofaffin katunan da ke zuwa daga Turai na tsarin DVB-T ba sa ganin TNT ɗin Nijar, wato tele ɗin dijital da ake kamawa da eriya, wadda ke kan sabon tsarin DVB-T2, haka na tauraro masu DVB-S ba sa ganin tashoshin DVB-S2.

In hoto yana fitowa sannan ya daskare bayan rabin awa, taɓa CAM ɗin. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, takan yi zafin da hannu ba ya jurewa. Hure ƙurar hunturu daga cikin akwatin, ka bar rami ɗaya fanko tsakaninta da katin hoto, ka ƙara fanka.

Masu tallar lambobin sata da rabon kati ta intanet, ka rabu da su: karya doka ne, lambobin suna mutuwa da zarar kamfani ya sauya makulli, kuma fayilolin da suke turowa sukan zo da ƙwayar cutar kwamfuta.