Wuƙar aljihu: ɓarnar da sababbin shiga suke ta maimaitawa

Masu sha'awar tara wuƙar aljihu a Kano ba mu da yawa, shi ya sa duk wanda ya shigo sabo ba a daɗewa ake saninsa. Abin takaicin shi ne kowa ya zo sai ya taka sawun na gabansa, ɓarnar da wancan ya yi ita zai yi. Bakina ya gaji da nanata magana ɗaya a majalisa, don haka ga ta a rubuce, wanda ya tambaya in tura masa. Wuƙar da nake nufi ita ce mai naɗewa, wadda ruwanta yake shigewa cikin ƙotarta, irin su Okapi da Opinel da Douk-Douk da Victorinox da Case. Ba ta mahauta ba, ba kuma mai kube irin wadda ake sayarwa a Kurmi ba, kodayake wasu maganganun sun shafe su.

Zan fara da wadda ta fi ƙona mini rai: kai wuƙa wajen mai walda ya wasa ta da inji.

Ruwan wuƙa ba ƙarfe ne kawai da aka fiƙe ba. A masana'anta sai an gasa shi ya yi jawur, a tsoma shi a mai ko ruwa ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200 a ma'aunin Selsiyos, don kada ya riƙa ɓallewa. Wannan aikin shi ne yake sa kaifi ya zauna. To injin mai walda gudu yake yi a bushe, bakin wuƙa kuma siriri ne, kafin ka ƙifta ido ya ɗau zafin da ya wuce wancan. Za ka ga launi ya fito a bakin, ruwan ɗorawa da farko, sai ja-ja, sai shuɗi. In har ka ga shuɗi, wurin ya kai kusan digiri 300, taurinsa ya tafi. Za ta yi kaifi ranar, har ta aske gashin hannu, amma ka fere rake ɗaya ka gani.

Ina da wata Okapi da na gada daga kawuna, mai zoben nan da ake ja a rufe ta, ƙotar katako da adon wata da taurari. A gindin ruwanta an buga cewa a Jamus aka yi ta. Wannan rubutu ba ƙaramin abu ba ne, domin tun 1902 ake ƙera Okapi a garin Solingen na Jamus ana kawowa Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Kenan duk ta gaskiyar da ka gani da sunan Jamus ta girmi 1988. Ana jibi Babbar Sallah ƙanena ya kwashe wuƙaƙen gida zai kai a wasa saboda aikin layya, ya ga tawa a kan tebur ya haɗa da ita. Da ya dawo har da murmushinsa: "Yaya, ai na sa an gyara maka ita, ta dakushe da yawa." Na buɗe na ga ruwan ya rame ya koma kamar tsinken tsire, tsinin ya yi shuɗi, dutsen injin ya zame ya cinye rabin rubutun. Da na rufe ta ma tsinin ba ya shigewa cikin ƙota, yana leƙowa waje, ko aljihu ba ta sawuwa. Garin neman gira aka rasa ido. Wuƙar da ta yi shekaru a hannun dattijo yana fiƙe alƙalamin rubutun allo da ita ba ta ragu ba, minti biyu suka gama da ita.

Ban ga laifin mai walda ba, shi adda da gatari ya saba da su. Laifin na mai cewa "a ɗan taɓa ta kaɗan" ne. Babu kaɗan a inji.

Ga yadda nake yi. Dutsen wasawa na hannu mai fuska biyu, irin wanda ake samu wajen masu kayan kafinta, ya isa. In jiƙa shi da ruwa, in kwantar da ruwan wuƙar a kai, in ɗaga gadon bayansa kamar kaurin tsinken ashana biyu. A ƙaramar wuƙa wannan yana ba ka kusurwar da ba ta wuce digiri 20 ba. In yi ta turawa a gefe ɗaya har in ji wani siririn gefe ya tanƙwaro ta ɗaya ɓangaren idan na shafa da babban yatsa daga baya zuwa baki. Sai in juya. Wanda bai jira wannan tanƙwarar ba bai wasa komai ba, goge gefe kawai ya yi. Daga nan fuska mai laushi, sannan in ja ta da baya a kan guntun fata, wadda dukawa za su ba ka kyauta cikin ragowar yanka. Ranar da ba dutse kusa, gindin kofin tangaran, zoben nan da ba a shafa masa ƙyalli ba, yana tayar da kaifi. Wasu abokaina suna rantsuwa da na'urorin wasawa masu tsada da ake odarsu daga waje. Kuɗinsu ne.

Ƙanwar wannan ɓarna ita ce gurza da samfefa. Sabon shiga ya sayi Opinel ko Douk-Douk, ya yanka lemo da albasa, gobe ya ga ruwan ya yi toka-toka, hankalinsa ya tashi, ya hau gurza. Malam, wannan duhun ba tsatsa ba ne. Baƙin ƙarfe haka yake, in ya taɓa tsami sai ya rine, kuma rinin yana ɗan kare shi. Tsatsa ita ce ja mai gari-gari da take cin rami. Ita kaɗai ake cirewa, da ɗigon mai da tsumma, in ta yi taurin kai a kankare da bakin tsohon kwabo na jan ƙarfe ko soson ƙarfe mafi laushi. Tsohuwar wuƙa da aka gurje ta yi fari fat, a wurin masu tarawa darajarta ta faɗi. Wanda ba ya son ganin duhu ko kaɗan ya nemi wadda aka rubuta wa Inox ko Stainless, ya huta ya hutar da mu.

Yanayin Kano ma yana da nasa. Daga Yuni zuwa Satumba iska tana ɗauke da laima, kuma a lokacin ne mutane suke zura wuƙa a jakar fata su jefa a durowa su manta. Fata tana riƙe danshi, sinadarin jima kuma yana cin ƙarfe, ya sa tagulla ta yi kore. Jakar fata ta fita ce, ba ta ajiya ba. Ƙotar Opinel katako ce zalla, ba ƙarfe a ciki, da damina takan kumbura ta matse ruwan ya ƙi fitowa. Kada ka sa filaya. Riƙe ta a rufe ta wajen wuya, ka buga ƙarshen ƙotar a kan benci sau ɗaya, tsinin zai leƙo. Mutanen Savoie da ke Faransa, inda Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890, haka suke yi tun da. Da hunturu kuwa akasin haka ne, katako ya bushe wuƙa ta yi sako-sako, ƙashi da ƙaho su tsage in an bar su a mota cikin rana. Ni man keken ɗinki nake ɗigawa a mahaɗa, ɗigo ɗaya. Wadda nake yanka abinci da ita kuwa ina wanke ta in shanya ta a buɗe, in shafa mata man gyaɗa kaɗan in goge, don dai kullum tana aiki. In za a ajiye ta wata da watanni ban da man girki, daskarewa yake yi ya yi danƙo. Baƙin mai na inji kuwa ban san wa ya koya wa mutane ba.

Sai jabu. Duk jar wuƙa mai farin kuros a jiki sai a ce maka ta Suwizalan ce. Buɗe babban ruwan ka duba gindinsa, ta gaskiya an buga Victorinox a wurin, rubutu tsaf ba karkace ba, kuma kowane ƙarfe yana komawa mazauninsa da ƙara "ƙas" ba tare da ya gogi ɗan'uwansa ba. Almakashin ya yanke zare cif, na jabu taunawa yake yi. Amma na ga masu wuce gona da iri, sun ga Wenger sun yar sun ce kwaikwayo ce. Wenger kamfanin Suwizalan ne na asali, shi ma ya yi wa sojojin ƙasar wuƙa shekara da shekaru kafin Victorinox ta saye shi a 2005. In ka ci karo da ita a kayan gwanjo, ɗauka. Laguiole kuwa sunan ƙauye ne a Faransa da salon wuƙa, ba kamfani ɗaya ba, shi ya sa masana'antun Sin da Pakistan suke buga sunan da alamarta ta ƙudan zuma a kan abin da suka ga dama. Nemi sunan maƙerin. Mai sha'awar Case ya koyi ƙirga ɗigon da ke gindin ruwa: a 1970 suka fara da ɗigo 10, kowace shekara suna rage ɗaya, kuma salon tambarin yana canzawa bayan shekara goma-goma. Ɗan kasuwa ya ce maka ta zamanin Turawa ce alhali ga ɗigo a jiki, ka san inda ka ajiye maganarsa.

Yanzu ga wadda ba wuƙa kaɗai take ci ba, har mai ita: yawo da ita ba lissafi.

Samari, ku ji tsoron Allah ku duba garin da kuke. Kano ta sha wuya a hannun 'yan daba da masu ƙwacen waya, akwai gidajen da aka kai musu gawar ɗansu saboda wayar hannu, kuma makamin wuƙa ne. Jami'in tsaron da ya tare ka a Adaidaita Sahu da daddare ya lalubo wuƙa a aljihunka ba zai tsaya jin tarihin Solingen ba. Kuma ban ga laifinsa ba. Amma sai ka ga yaro ya kalli bidiyon wasu a Amurka suna zazzage aljihu suna nuna abin da suke yawo da shi, shi ma ya maƙala babbar wuƙar nan Buck 110 a ƙugu, ya nufi kallon ƙwallo ko hawan Sallah. Wani ma har gardama ya yi da ni, wai doka ta yarda matuƙar ruwan bai wuce inci 3 ba kuma ba ya kullewa. Na ce ɗan'uwa, wannan dokar Ingila ce ta 1988, je ka karanta wa ɗan sandan Landan. Ka taɓa ganin an fito da tef ana auna wuƙa a bakin titi a garin nan? Ranar da tsautsayi ya faɗa, mahaifinka ne zai yi ta safa da marwa yana neman beli, yana rantsuwa cewa ɗansa ba ɗan daba ba ne, sha'awa ce kawai.

Ni ƙa'idata, wuƙaƙen tarawa ba sa fita daga gida sai in za mu haɗu da abokai, a nannaɗe cikin jaka. Wadda nake sawa a aljihu ƙaramar Victorinox ce mai almakashi da tsinken sakace, wadda ko yaro ya gani ya san kayan aiki ce. In zan je gona ko ranar layya, in ɗauki Opinel mai lamba 8 (lambar girma ce) a cikin jakar kaya. Taron siyasa, filin wasa, biki, asibiti, banki, kotu, makaranta, duk babu. Bayan isha'i ma babu. Kuma ba na buɗe wuƙa a gaban wanda ban sani ba don in burge shi. Wannan wasan na fizge ta da hannu ɗaya tana ƙara a cikin mutane, wanda duk ya yi shi a majalisarmu ba a ƙara kiransa.

Sauran ƙanana ne. Wuƙa ba sukundireba ba ce, ba kuma ta ɓamɓare murfin gwangwanin fenti ba, tsinin zai karye. Mafi yawan na gargajiya ba su da makulli, sifirin ne kawai yake riƙe ruwan, in ka soka da ƙarfi a kan yatsunka za ta rufe. Opinel tana da zoben kullewa tun 1955, daga lamba 6 zuwa sama, amma sai ka juya shi zai yi aiki. Kada ka buɗe ruwa biyu da suke kan sifirin ɗaya rabi-rabi don ɗaukar hoto, wahalar da sifirin kake yi. In za ka rufe, raka ruwan da yatsa har ya zauna, sakin sa ya faɗa da kansa yana sa baki ya bugi ƙarfen ciki. Kada ta kwana aljihu ɗaya da makullai. Ƙurar aljihun kaftani tana taruwa a mahaɗa, tsinken ashana da ɗan tsumma sun isa. In aka ce ara mini wuƙa, tambayi abin da za a yanka, in waya ce ko kwano ka ce ba ka da ita. Miƙa ta a rufe. Gida mai yara, akwati mai kwaɗo a saman sif. Kada ka sayi goma masu arha a wata ɗaya, sayi ɗaya ka yi aiki da ita har damina ta wuce.

Mai tafiya kuma, musamman maniyyata da masu zuwa Umara, a laluba aljihun gaba da jakar hannu da zoben makulli tun daga gida. A filin jirgin Malam Aminu Kano duk wuƙar da na'ura ta gani a jakar hannu ba za ta hau jirgi da kai ba, komai ƙanƙantarta. A babban akwatin da za a auna ake sa ta, a naɗe cikin safa.